Rasuwar Bibi, Ƙofar da Ta Tsaya a Rabi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai cike da tsohon ciwo, ni Dilawar Shah, mai sayar da zabibi da busassun 'ya'yan itace a Layin Rijiya cikin tsohuwar kasuwar Peshawar, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan ciniki rasuwar ƙofar shagona, wadda kowa ya sani da suna Bibi. Ta rasu ranar Talatar makon jiya da hantsi, tana bakin aikinta, ba ta kai sama ba, ba ta kai ƙasa ba.

Marigayiyar ƙofar ƙarfe ce mai naɗewa sama kamar tabarma, irin ta kowane shago a layinmu. Ta yi ƙuruciyarta kurma kuma bebiya. Ni nake ɗaga ta da hannu in ƙarasa da sanda mai ƙugiya, har ta cinye mini kafaɗar dama, kuma na yafe mata wannan tun tana da rai. Da abin ya kai ba na iya ɗaga ko butar alwala, sai surukina Nauroz, mijin 'yata Zarmina, ya zo da inji da batir da wani ɗan kunne da bai kai ƙwallon dabino ba, ya ɗaura mata. Daga ranar ta fara ji.

Yana kan tsani ya ce, "Baba, me za ka riƙa ce mata ta buɗe?"

Na ce, "Me na saba cewa? Bismillah."

"Rufewa fa?"

"Alhamdulillah, ko an yi ciniki ko ba a yi ba."

Ya ce, "To sai ka haɗa da sunanta. In ba haka ba, duk ɗan dakon da ya zauna cin burodi a bakin shagon nan zai buɗe maka ƙofa."

Haka aka yi. Saura kalmar sauke ta rabi. Kowa ya san al'adar layinmu tun kakanni: in an yi rashi a cikinmu, kowane shago yana sauke ƙofarsa rabi, kuma ba wanda zai ɗaga tasa sai an wuce da gawa ta cikin layin an fita da ita. Nauroz ya tambaye ni kalmar rabi. Na ce ban taɓa sauke ƙofa rabi ba sai bakina na cewa Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, kuma ba zan liƙa sunan ƙarfe a jikin waɗannan kalmomi ba.

Ya ce, "Baba, to ai duk wanda ya faɗa za ta ji."

Na ce, "Ta ji mana. Wa ke faɗarsu don wasa?"

Waɗanda suka zauna da ita za su shaide ta. Ba ta taɓa sa na maimaita magana ba. In na iso da buhu a kafaɗar hagu, kwando a hannu, sai in yi mata bismillah daga tsakiyar titi, ta ce "tin", wato ta ji, sannan ta hau sama tana kirrr a natse kamar tsohuwa tana jan carbi. Da yamma takan sauko ta taɓa ƙasa kwas, sau ɗaya, ba ƙari. A rabi kuwa wata ajiyar zuciya take yi, huuu, wadda Nauroz ya ce iska ce a cikin inji. Ba ta san ɗauke wuta ba, tana da batirinta. Ba ta yi gulma ba, alhali babu abin da ba ta ji ba a layin nan.

Aibinta ɗaya, in aibi ne: ta fi mu kunne.

Wata safiya ina auna zabibi, ba wanda ya yi magana, sai na ji "tin", ta sauko rabi. Har na fara yi mata faɗa. Kafin shayina ya huce aka shigo da labarin Ustad Fakir mai gyaran agogo ya cika. Bayan wannan ta sake, ta kuma sakewa, kullum kafin labari ya iso. Ni ba yaro ba ne, na yi fatauci har Kabul da Karachi, an cuce ni na gane, don haka na bi abin a hankali na gano bakin zaren. Masallacin bayan kasuwar hatsi yana sanar da rasuwa da lasifika, iska na kawo muryar ladan siririya, mu tsofaffi da hayaniyar kekuna ba ma ji, ita tana ji. Na yi wa mutane wannan bayani har bakina ya bushe. Suka ce to, Lala, wato babban yaya, mun ji. Amma daga lokacin, da zarar Bibi ta sauko rabi, duk layin sai ya sauke, sannan a aika a tambayo wane ne.

Mehrab Gul mai shayi, wanda rumfarsa ke kallon shagona, sa'ana ne. Duk waɗanda muka taso tare a layin nan ni da shi muka raka su, mu biyu muka rage. Yakan ɗaga murya daga bayan tukunyarsa ya ce, "Dilawar, ka ce wa matarka ta ƙarfe ta daina kallona!"

In ce, "Ba ta da ido, tsoho, kunne gare ta. Ka rage tarin nan."

Ya ce, "Kai za ta fara yi wa, kai ne mijinta."

A kan wannan muke shan shayi kullum.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Da damina ta fara nishi wajen hawa, wani lokaci ta tsaya ta huta kamar mai ciwon gwiwa. Na shafa mata mai, ta ɗan warware. Ranar Talatar nan an ɗauke wuta a duk unguwar tun asuba, har ladan ma da bakinsa ya kira salla. Babu lasifikar da ta yi tari a ranar, na bincika daga baya. Layin shiru, ciniki bai kankama ba. Mehrab Gul ya tsallako da kofina da kansa, yana tsaye daidai bakin ƙofa, ni ina ciki na miƙa hannu zan karɓa. Ba wanda ya ce uffan.

"Tin."

Ta sauko a hankali har ta kusa taɓa hularsa, ta yi ajiyar zuciyarta, ta tsaya. Sai warin ƙonanniyar waya. Ina jin ƙofofin layin suna bin ta ɗaya bayan ɗaya har bakin rijiya.

Aka aika masallatai, aka aika asibiti, aka buga wa na ƙauye waya. Kowa lafiya. Nauroz ya zo ya buɗe injin ya ce ya ƙone ƙurmus.

Ya ce, "Baba, inji in zai mutu yakan yi motsi shi kaɗai, ba wani abu ba ne."

Na ce, "Motsi na yarda. Tin ɗin fa? Kai ka ce mini ba ta yin sa sai ta ji."

Ya tattara kayan aikinsa, ya ce Zarmina na gaishe ni.

Tun daga ranar Layin Rijiya yake a rabi. Ba a wuce da gawa ba, don haka ba mai ɗagawa, kuma ba wanda yake so ya zama na farko. Masu saye suna leƙowa, su yi mana gaisuwa, su juya, don ba a taya kaya a ƙarƙashin ƙofar makoki. Mu kuma muna shiga shagunanmu a sunkuye. Wannan duk da sauƙi. Abin da ba shi da sauƙi shi ne kirkin da aka fara yi mana, ni da Mehrab Gul. Mahauci ya aiko mini da tsoka ban tambaya ba. Wanzami ya yi wa Mehrab aski ya ƙi karɓar komai. Wani da rabona da shi tun auren Zarmina ya zo har shago ya ce in yafe masa. In na ɗaga kai sai in ga ana kallona, in na kalli mutum sai ya mai da ido kan Mehrab.

Ran farko mun gwada wasanmu. Mehrab ya ce, "Ƙofarka ce, kai ta yi wa."

Na ce, "Wa ke tsaye a ƙarƙashinta?"

Ba wanda ya yi dariya, har mu. Shekaranjiya ya sunkuyo ya shigo, ya zauna kan buhun zabibi, kofi a hannunsa. Mutumin da ya yi shekaru yana zagina da babbar murya, ranar da ƙyar na ji shi. Ya ce, "Dilawar, abinci ya ƙi shiga. Ko ni ko kai, gara a yi a gama."

Na dube shi, na ga ya fara zama abin da ake jira. A nan na yi irin tunanin da kasuwa ta koya mini. Layin nan gawa yake jira. To wa ya mutu ranar Talata? Wa ya yi ajiyar zuciya bai sake motsi ba, a gaban shaidu biyu? Bibi ba ta taɓa sauka a banza ba, wannan karon ma ba ta yi ba. Kanta ta yi wa.

Mehrab ya kalli ƙarfen. Ya ce, "Kai ka yarda da wannan?"

Na ce, "Na yarda zuwa Alhamis. Sha shayinka."

Ya sha, har ya ce in miƙo masa zabibi.

Marigayiyar ta bar sanda mai ƙugiya, wadda ta yi ritaya a dalilinta kuma yanzu za ta koma aiki. Ta bar kwaɗon kulle biyu, da batir wanda har yau da sauran ransa, da wata kyanwa da ta saba shigewa ta ƙarƙashinta a daidai lokacin ƙarshe. Ta bar ni. Kunnenta na cire shi da hannuna, na naɗe a auduga na rufe a gwangwani, don ya ji abin da ya ishe shi.

Za a yi rakiyarta ranar Alhamis bayan sallar azahar. Na je wurin liman, ya ce babu salla a kan ƙarfe, babu likkafani, kuma kada ya ji wani ya yi abin da ya yi kama da haka. Na ce ban nema ba. Ya ce ɗaukar ƙarfe a kafaɗa dai ba haramun ba ne, kuma shi ma zai tsaya a bakin layi, don kawai ya ga wucewarta. Nauroz zai kwance ta a naɗe, a ɗora ta kan gadon igiya, a ɗauke ta daga bakin shagona a bi layin gaba ɗaya a hankali, a fita ta wajen rijiya zuwa filin Sabz Ali mai sayen tsohon ƙarfe. Da zarar ƙafar gadon ta ƙarshe ta fita, kowa ya ɗaga ƙofarsa har sama, lokaci ɗaya, kada wani ya tsaya kallon wani. Ni da Mehrab Gul za mu bi ta a baya da ƙafafunmu, a gan mu da kyau. Shayi daga gare shi, zabibi daga gare ni. Wanda ya aiko da nama ko ya yi aski kyauta, ya zo a biya shi.

Idan kuwa kafin Alhamis ladan ya kira sunan ɗayanmu, to a fasa wannan taro, a bar gadon ga mai shi. A ce wa Nauroz ya saya mata sabon inji, gwangwanin yana bayan ma'auni, ya mai da mata kunnenta, don ƙofar da ba ta taɓa yi wa layinta ƙarya ba, ba a kai ta wurin Sabz Ali.

A zo da wuri. Don Allah a zo da wuri.

Dilawar Shah,
a madadin iyalan marigayiya da mutanen Layin Rijiya.