Ranar da Na Shuri Tayar Mutane a Makka

Ba zan taɓa mantawa da wani hantsi a Makka ba, ko da zan manta sunayen jikokina (na ma fara, Allah ya sani). Ni ban iya rubutu ba. Rabi, matar autana Habibu, ita take rubuta mini wannan, kuma tun ban buɗe baki ba ta toshe nata da mayafi, don mahaifiyarta tana cikin labarin.

Mijina direba ne. Tun muna da ƙuruciya yake jan mota daga nan Tudun Wada zuwa Kano, ya dawo da yamma da warin fetur a riga da ƙunshin tsire a aljihu. In ya iso ƙofar gida sai ya yi hon sau biyu. Allah ya jiƙan Malam. Har yau in wata mota ta yi hon sau biyu a waje sai in miƙe tsaye, sannan in tuna, in koma in zauna in yi kukana. Ba na ɓoye wa kowa.

Akwai maganar da yake lallashina da ita duk ranar da na yi fushi. Yakan ce, "Yi haƙuri. Wata rana da hannuna zan tuƙa ki daga Makka zuwa Madina, ke a gidan gaba." Ni kuma in ce, "Kai da ko Doguwa ba ka taɓa kai ni yawo ba?" Mu yi dariya. Ya tafi bai kai ni ba.

Shi ya sa da Habibu ya ce zai kai ni Umra tare da surukarsa, Hajiya Tabawa ta Ƙafin Maiyaki, abu ɗaya na roƙa. Na ce daga Makka zuwa Madina ba na son babbar motar ayari. A ɗauko mana ta haya, shi ya tuƙa, ni a gaba. Hannunsa hannun ubansa ne, har gajeren ɗan yatsan.

Ranar da biza ta fito sai ga shi da waya a hannu.

"Inna, ga motocin nan, mu zaɓa yanzu a ajiye mana. Lokacin da za mu je hutu ake yi a can, ga masu Umra daga ko'ina. In muka bari sai mun je, ba lalle mu samu ba."

Na leƙa wayar. Motoci ƙanana kamar ƙwaro.

"Ka ji kukan injinta?"

"A'a, Inna."

"Ka taɓa tayarta?"

"Inna, in mun je ba ta yi mana ba, ana iya fasawa."

"Cinikin biri a sama ke nan. Ubanka bai taɓa hawa motar da bai shuri tayarta ba."

Ina ambatar ubansa ya mayar da wayar aljihu. (Makamina ke nan, kuma na san ina da shi.)

Ban tsaya nan ba. Da Hajiya Tabawa ta zo mu shirya kaya, tana ta kuka da gwiwoyinta, sai na dafa ta na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Matar direba ce ni. Da idona zan zaɓo miki mota mai faɗi, ki miƙe ƙafa har Madina." Ta dube ni ta ce, "To, Innar Habibu, Allah ya nuna mana." Da na san abin da Allah zai nuna mana, da na ja bakina.

Muka je, muka yi Umra lafiya. Daɗin ganin Ɗakin Allah ba ya faɗuwa, don haka ba zan gwada ba. Na yi wa Malam addu'a har muryata ta dushe.

Sai batun mota. Muka fita da safe, ofis bayan ofis, ko'ina sai a girgiza wa Habibu kai. Duk an kama tun kafin mu baro gida. Bai ce mini "ai na gaya miki" ba, amma ƙeyarsa ta faɗa. Kwanakinmu na Makka kuwa sun zo ƙarshe. In ba a samu ba, sai motar ayari, maganar Malam kuma ta bi iska.

A wani ofis ya shiga ciki, ya bar mu a inuwa ni da Hajiya Tabawa. Ina ɗaga kai sai ga motoci jere a bakin titi, suna ta ƙyalli.

Na ce, "Hajiya, wai babu mota. Waɗannan kuma jakuna ne?"

"Innar Habibu, zauna."

"Na san wannan wasan. Haka 'yan kamasho suke yi a tasha, su ɓoye mai kyau, su ce babu, don su ga yaro ne."

Na miƙe. Akwai wata fara, doguwa, mai faɗin ƙirji, an bar gilashinta a ɗan buɗe. Abin da ake yi a tasharmu shi na yi: na naɗe dardumata na zura ta kan kujerar gaba, na kama wuri. Na zagaya ta kamar yadda Malam yake yi, hannu a baya. Na ƙwanƙwasa bonet. Na leƙa ƙarƙashi in ga ko tana ɗigar da mai. Sannan na tattare zane, na yi bisimilla, na ɗaga ƙafa na shuri tayar gaba da iya ƙarfina.

Jama'a, motar nan ta kwarma ihu.

Ban taɓa jin ƙarfe ya yi kururuwa haka ba. Fitilunta suna ƙiftawa gaba da baya, tattabarun layin suka tashi gaba ɗaya, mutane suka firfito daga kantuna. Ni kuma maimakon in ja da baya, sai na shiga bubbuga mata bonet ina cewa, "Yi shiru, 'yar nan! Yi shiru, ba cutar ki zan yi ba!" Ta ƙara murya.

Sai ga wani mutum ya fito da gudu daga shagon wanzami, ƙyalle ɗaure a wuya, rabin kansa tal, rabin kuma kumfa. Ya danna wani abu a hannunsa, motar ta yi tsit. Ya fara magana da Larabci, ya dubi fuskata, ya dubi zanena, sai ya juya harshe.

"Hajiya, lafiya? Me ta yi miki?"

Hausa tsantsa! Ashe haifaffen can ne, kakanninsa mutanen Kano. Da ma bai iya ba, da kunyar ta tsaya a Larabci.

Mai hankali haƙuri zai bayar. Ni bakina ya riga ni. Na ce, "Zuwa Madina muke so. Amma tayar gaban nan tana son iska."

Ya dube ni. Kumfa tana gangaro masa a kunne. Can ya fashe da dariya har ya dafa motar.

"Hajiya, tawa ce, ba ta haya ba. Aski na zo." Ya buɗe ƙofa ya ɗauko dardumar da hannu biyu ya miƙo mini. "Wannan fa, fasinja ce?"

Na waiwaya neman mai rufa mini asiri. Hajiya Tabawa, mai ciwon gwiwa, ta zame daga kan benci tana riƙe da ciki don dariya, hawaye shaɓe-shaɓe. Habibu yana tsaye a ƙofar ofis yana kallon sama kamar mai neman jinjirin wata. A gaban surukarsa! Na ce ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna ƙasa mai tsarki ce, ba za ta karɓi irin wannan ba.

Da muka koma masauki bayan azahar, Hajiya Tabawa ta zuba mini shayi ta ce, "Innar Habibu, in tambaye ki. Auren yayan Rabi, motar wa muka yi shata ta ɗauko amarya?"

"Ta Malam mana."

"Yaushe muka kawo goron shatar?"

Na yi lissafi a raina. Gero ko kai bai fitar ba suka zo, biki kuwa sai bayan kaka.

"Wa ya karɓi goron a zaure?"

"Ni."

"Me kika ce mana?"

Na tuna sarai. Cewa na yi, gara da kuka zo da wuri, don in kaka ta yi, wanda ya makara a kan babur zai kai amaryarsa. Shekara da shekaru ina karɓar goron masu sammako, ina yi wa makararru dariya, amma duk abin da na riƙe daga sana'ar mijina shurin taya ne.

Allah dai ya dube ni. Habibu ya yi ta fama da wayar nan da na raina, har wani ya fasa tafiya aka ba mu tasa. Wata 'yar ja ce, kamar an kifa kwanon tuwo. Hajiya Tabawa ta shiga baya tsakanin jakunkuna, gwiwoyinta a haɓa.

Habibu ya ce, "Inna, ba za ki duba tayar ba?"

Daga kujerar baya Hajiya Tabawa ta ce, "Rufa mana asiri, ɗan nan!"

Na shiga gidan gaba. Ya tayar da ita, ya ɗora gwiwar hannu a taga, ya yi hon sau biyu. Ban san ko da gangan ya yi ba, ban kuma tambaya ba. Na juya fuskata ga duwatsu na yi kuka mai daɗi. Na ce a raina, Malam, ga shi an kai ni. Motar dai ba za ta burge ka ba, amma laifina ne.

Don haka mai niyyar ƙetare ruwa, in kana son mota a can, ranar da biza ta fito ranar ake kai goro, ko da a cikin waya ne. Kuma kafin ka shuri taya, tambayi mai ita.

Hajiya Tabawa har yau in ta kira ni ba ta tambayar gida, ba ta tambayar jikoki. Daga sallama sai ta ce, "Innar Habibu, ya ƙafa?"