Sallau Buhu da Tsintsiyarsa

Akwai wani mai tsire a Tudun Maƙera, Sallau, amma in ba ka ƙara da Buhu ba babu wanda zai gane wa kake nufi. Mutum ne da Allah ya hore wa jiki. In ya zauna a ƙarshen benci, na ɗaya ƙarshen sai ya ji ƙafarsa ta bar ƙasa. Kullum da sassafe yake tafiya kwata, can cikin gari inda ake yanka shanu, kuma kowa ya sani wanda ya makara a kwata huhu da jijiya zai kwaso. Ga shi yana da abokin gasa, Ilu, mai tukuba a bakin layinsu, siriri kamar tsinken tsiren da yake sayarwa.

Da aka kawo dogayen bas ɗin nan masu hanyarsu su kaɗai a tsakiyar babban titi, Sallau ya fi kowa murna. Ba cunkoso, ba tsaye-tsaye, kuma suna bi ta ƙofar kwata. Tashar ma ga ta nan saitin gidansa, daga zaure yana hango wanda ke kan layi har ya gane hularsa. Sai dai tashar a tsakiyar titi take, an katange bakin titin da waya, motoci kuma suna wucewa kamar an koro su. Gadar da aka yi wa masu ƙafa kuwa an kai ta can gaba da gidan mai. Sai ka yi tafiya har ka manta abin da ya fito da kai, ka hau, ka sauko, sannan ka sake dawowa baya ta wani siririn lungu na ƙarfe, ka zo daidai inda ka baro.

Sau ɗaya Sallau ya gwada ta. Tun bai yi nisa a matakala ba gwiwoyinsa suka fara ƙara kamar tsohon ƙyaure. Da ya kai sama ya yi kuskuren leƙa ƙasa, ya ga tirela ta shige ta ƙarƙashin ƙafarsa, gadar kuma ta ɗan girgiza. Nan ya zauna daɓas, sauran tafiyar da rarrafe ya yi ta. Ilu ya zo ya tsallake shi a guje, har da cewa a gaida gida. Wata tsohuwa ta ajiye masa ƙosai a gabansa ta ce Allah ya ba da lafiya. Ranar huhu ya samu, da yamma masu saye suka ce tsirensa kamar an gasa silifa, suka koma wajen Ilu.

Washegari ya je bakin waya ya tsaya yana kallon tasha kamar mai kallon abinci a gidan biki. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ɗora kan wayar, ba don ya tsallaka ba, awo kawai yake yi. Sai ji ya yi an damƙe masa riga ta baya. Ashe Cindo ne, shugaban 'yan sintirin nan masu riga mai ƙyalli da aka zuba su kama masu tsallaka titi ta ƙasa. Sallau ya yi rantsuwa, ya yi magiya, Cindo ya ce a rumfa zai yi bayani.

To rumfar tasu a ina take? A jikin tasha, tsakiyar titi. Cindo ya buɗe wata 'yar ƙofa a jikin wayar da makullinsa, ya busa usur, ya ɗaga hannu. Tirela ta tsaya, tanka ta tsaya, har wata baƙar mota mai tuta ta tsaya. Aka riƙe Sallau hagu da dama aka tsallaka da shi a hankali kamar ango. A rumfa aka ce hukuncinsa shara, aka miƙa masa tsintsiya ya share dandamalin tasha. Yana shara yana matsawa, mutanen layi suna ɗage masa ƙafa, bai ankara ba sai ga shi a gaban layi, bas ta tsaya, ƙofa ta buɗe daidai hancinsa. Ya jingine tsintsiya ya shige. Ranar cinya ya samu da tantaƙwashi, Ilu yana isowa kwata ya tarar ana ɗaure wa Sallau kaya. Dawowa dama ba ta da wahala, a-kori-kurar mahauta ke zagayowa da shi da namansa har ƙofar gida.

Shi ke nan Sallau ya ga hanya. Kullum yana idar da sallar asuba sai ya wuce bakin waya, ya ɗora ƙafa, ya yi gyaran murya. A kama shi, a tsayar da motoci, a tsallaka da shi, ya yi shara har bakin ƙofar bas. Don kada abin ya yi yawa yakan ɗan yi turjiya, ya ce wallahi yau ba zai je ba, amma fa ƙafarsa tana gaba. Cindo shi ma abin ya yi masa daɗi, don ba ranar da zai koma ofis a ce bai kama kowa ba, ga tasha tana sheƙi. Tsiren Sallau ya dawo da martabarsa. Ilu ya ƙara ramewa.

Wata rana Cindo ya tsaya shan shayi. Sallau ya ɗora ƙafa, shiru. Ya sauke ya ɗora ɗayar, shiru. Bas ta zo ta tafi yana kallo. Da Cindo ya ƙaraso yana goge baki, Sallau ya tare shi da faɗa, ya ce shi ya sa ƙasa ba ta ci gaba, mutum ya tsaya yana karya doka tun ɗazu har ƙafarsa ta yi tsami, ba ma'aikaci ko ɗaya a bakin aiki. Cindo ya ba shi haƙuri, ya kama shi.

Abin da ya tona asiri tsintsiya ce. Ta rumfar ta ƙare, ta zama guntuwa, sai ya sunkuya sosai, shi kuma sunkuyo ba nasa ba ne. Sai ya sayi tasa a kasuwa, ya sa mata doguwar sanda, har ya ɗaura mata jan ƙyalle don kada a musanya. Ranar da ya fara zuwa da ita kuwa, ranar ce alƙalin kotun tafi-da-gidanka ya zo zama a rumfar. Yana zaune yana gyara tabarau sai ya ga an tsayar da titi kaf, an rako wani ƙaton mutum saɓe da tsintsiya, yana ɗaga wa direbobi hannu.

Alƙali ya tambaya ko sabon ma'aikaci ne. Cindo ya ce a'a, mai laifi ne. Alƙali ya ce tun da yake shari'a bai taɓa ganin mai laifin da ya taho da kayan hukuncinsa daga gida ba. Ya juya wajen Sallau.

"Malam, sau nawa aka kama ka?"

"Allah gafarta Malam, ban da ranar da na yi zazzaɓi, ban taɓa fashi ba."

Alƙali ya ce ai gwamnati ta gina gada don irinsa. Sallau ya ce ya gan ta, ya ma taɓa hawa, har sadaka ya samu a kai. Ya ce shi dai a iya saninsa bai taɓa tsallaka titi ba, ƙafa kawai yake ɗorawa kan waya, tsallakawar kuwa hukuma ce ke yi da shi. Alƙali ya kalli Cindo ya tambaye shi ta ina suke kawo masu laifi rumfa. Cindo ya sosa ƙeya ya ce ta ƙasa. Aka tambaye shi me ya hana su bi ta gada. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai da nisa."

Mutanen layi suka fashe da dariya. Alƙali ya cire tabarau ya yi ta goge shi har ya samu ya haɗiye tasa. Sannan ya ɗaure fuska, ya buga tebur, ya ce kotu ba wurin wasa ba ce. Ya nuna wata baƙar mota mai ƙananan tagogi da ke ajiye a bayan rumfa.

"Ka ga waccan? In aka sake kawo min kai, babu shara. Ciki za a jefa ka, sai gidan yari."

Sallau ya juya ya ƙare wa motar kallo, tun daga taya har rufi. Ya gyara riƙon tsintsiyarsa, ya ɗan rusuna iya yadda gwiwa ta bari.

"Allah gafarta Malam, ta ƙofar kwata take bi? In ta nan take bi, don Allah a ce wa direban ya riƙa fitowa da wuri."