Allurar da Ta Ƙi Kama Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya ja mini a asibitin Magarya. Ni dai mai jiki ce, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. A Dungas in zan hau kabu-kabu, sai mai moto ya yi bisimilla sau biyu. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, to wa zai hana ni ɗanɗanawa?

Da aka gano maigidana yana da ciwon hanta irin wanda ake ɗauka, likita ya ce duk gidan a yi mana rigakafi. Aka yi mana allurai, ni da yara da Saude, taubashiyata da ke zaune wurinmu, siririya kamar sillen kara. Kullum ina tsokanarta: "Ke ina allura za ta samu wurin zama a jikinki? Ni kuwa rumbu ce guda!"

Da muka koma jin sakamakon gwajin jini, likita ya so ya gana da ni ni kaɗai. Na ce sam, ya faɗa gaban Saude ta san ana jiki. (Har da gyara ɗaurin kallabi, jama'a.)

Ya ce, "Ta Saude ta kama, ta yara ma haka. Taki ce ba ta kama ba, Hajiya." Wai ƙiba mai yawa tana gajiyar da garkuwar jiki, sai ta kasa amsa rigakafi sosai. Wani lokaci ma gajeriyar allura a kitse take tsayawa, ba ta isa tsoka.

Saude ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa don dariya. "Ashe rumbun namu ƙaiƙayi ne a ciki," in ji ta.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Bayan kunyar sai tsoro, don ni ke jinyar maigida. In na kwanta, wa zai riƙe yaran?

Aka sake mini daga farko, da doguwar allura. Na rage cin tuya, na koma zuwa kasuwa da ƙafa, Saude na bina tana ƙirga hakina. Gwaji na biyu ta kama ram! Na rangaɗa guɗa a bakin asibiti, ban damu da mai kallo ba.

Har yau ni mai jiki ce, sai dai na bar cika baki. Ana cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Ni kam na yi man, shi ne kuma ya kwance mini zane a kasuwa.