Nomau da Ɗakin Malam Ƙasimu

A Unguwar Rimi akwai wani mutum, Nomau, katon gaske mai ƙarfi, amma duk abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune gidan yayarsa Hansatu. Mijinta Malam Ƙasimu ya rasu da bazara, ya bar mata gonar gyaɗa da ɗakinsa cike da tarkace har bakin ƙofa. Tun rasuwar ba ta iya shiga ɗakin ba. Ga gyaɗa an cire tana jibge a tsakar gida, ga ruwan ƙarshe bai ɗauke ba. In ta jiƙe, abincin shekara ya tafi, kuma ba inda za a zuba ta sai an kwashe ɗakin. Kullum idon Hansatu na gabas.

Wata rana ta ce kafin ta ba Nomau aikin ɗakin, bari ta gwada shi da madafa tukuna. "Nomau, ka haɗa kowane abu da irinsa." Da ta dawo daga rijiya sai ta tarar da gishiri da sukari da garin tuwo cikin ƙwarya ɗaya.

"Me ka yi haka?"

"Ai duk farare ne, Yaya."

Ran nan da kunu mai gishiri aka kwana.

Wata rana kuma ta ce, "Abin da ba mu taɓa ba tun bara, fitar da shi waje." Nomau ya yi ta dube-dube, ya ga ba wanda ya taɓa azarar rumfa tun da aka kafa ta. Ya rungume ta ya zare. Rumfa ta zube kan akurki, kaji suka watse har gidan maƙwabta.

Wata rana da hantsi hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Hansatu ta tsaya ƙofar ɗakin mijinta, ta ga babbar rigarsa a rataye. Ta zauna dirshan tana hawaye. "Ni dai ban iya ba. Nomau, ka mayar da komai na ɗakin nan inda ya fito."

Nomau kuwa bai manta asalin ko cokali ba. Fitilar da Liman ya ba Malam kyauta, ya kai wa Liman. Tabarmar da Goggo Dije 'yar'uwar Malam ta kawo ran suna, ya shimfiɗa mata a zaure. Buta, sirdin keke, tsohuwar rediyo, gida-gida ya bi yana cewa, "In ji Yaya, ga kayanku."

To a garin, mayar wa mutum kyautarsa yanke zumunci ne. Kafin azahar gidan ya cika da mutane, kowa riƙe da abinsa, rai a ɓace.

Goggo Dije ce a gaba. "Ke Hansatu, me muka yi miki? Daga rufe ɗan'uwana sai ki watsar da mu?"

Hansatu ta taso za ta ba su haƙuri. Sai ga yayyafi, tsawa ta biyo baya. Goggo ta dubi gyaɗar, ta dubi ɗakin da ya zama wayam.

"Kai, ku ajiye rigimar nan! Kowa ya kama!"

Liman da kansa ya naɗe hannun riga. Mata da ƙwarya, maza da buhu, kafin ruwa ya tsuge ko ƙwaya ba ta rage a waje ba. Hansatu ta tsinci kanta tsakiyar ɗakin, faranti a ka, ba ta ma san sa'ad da ta tsallake dokin ƙofa ba.

Nomau ya leƙo yana ɗigar ruwa. "Yaya, gyaɗar ma daga gona ta fito. In mayar?"

Gida duka ya ɗauka a tare: "A'a!"