Ramar Ɗakin Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta, mutanenmu na garin Largo a Amurka ne suka ƙi ba ni haɗin kai.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata makaranta, ranar Asabar kuma iyaye su kawo mini ƴaƴansu gida in koya musu Hausa da karatun addini. "Malam" ake ce mini, ni kuma ina amsawa da wata murya ta musamman da na tanada domin hakan.

Matata Bilkisu na da ciki, ga sanyin Maryland ya shigo, sai ta fara kwaɗayin kwaɗon rama. Ba ta ce in nemo ba. Ta dai kalli taga ta ce, "Kai, yau da a ce ga rama da ƙuli-ƙuli." Miji mai hankali zai ce Allah sarki, ya wuce. Ni kuwa na tuna da irin rama da na taho da shi daga Kano a ƙulle cikin leda, na yanke shawarar noma ta a ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidanmu, a asirce, don in ba ta mamaki.

Na bincika intanet, babu mahaluki ɗaya da ya taɓa noma rama a ɗaki. Amma akwai wasu bayin Allah da suka ƙware a noman cikin ɗaki, suna bayani da haƙuri da ƙaunar ɗalibi fiye da malaman jami'ar da na sani. Masu tabar wiwi ke nan. (Na ce a raina ilimi ilimi ne, ganye kuma ganye ne.) A birnin Washington doka ta yarda mutum ya shuka kaɗan a gidansa, mu a Maryland ba ta yarda ba, don haka can na je wani shago na sayo fitila mai haske ruwan hoda, da fanka, da wani baƙin tanti mai zif. Mai shagon ya tambaye ni me zan shuka. Na ce ganyen miya ne na ƙasarmu, matata ke so. Ya kashe mini ido ɗaya ya ce kowa haka yake cewa.

Duk kuskuren da malaman nan suka ce sabon shiga yana yi, na yi shi, har na ƙara da nawa. Sun ce kada a cika ruwa. Ni kuwa duk wucewa sai na ba ta, kamar baƙon da ake tilasta wa ƙarin tuwo. Na matso da fitila har kan ganyen ya ƙone, don ina ganin ramar Kano ce, ta saba da rana. Da ta yi rawaya na ɗauka yunwa ce, na ƙara taki, ta ƙara rawaya. Fitilar ma ban taɓa kashewa ba, na hana baiwar Allah barci. Ƙananan ƙudaje suka zo suka kafa gari. Aka haifi yaro, rama ba ta isa tsinka ba, sai dai ta fitar da ganyen nan nata mai yatsu kamar tafin hannu. Duk wanda ya san rama ya san da wa take kama. Ni kaɗai ne ban lura ba.

Ranar suna na tafi wata gona wajen Upper Marlboro karɓo naman rago. La'asar ta yi, mata sun cika falo, maza suka rasa inda za su yi salla, Bilkisu ta ɗauko makullin ɗakin ƙasa ta miƙa musu. (Ta ɗauka tarkacen littattafaina nake kullewa.)

Da na dawo, takalma na fara gani jere a bakin matakala. Na sauka da ƙafar rago a hannu. Sun idar da salla, amma babu mai addu'a. Zif ɗin tanti a buɗe, fanka na juyawa, hasken nan ruwan hoda ya haske fuskokin iyayen ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya.

Dakta Habibu, likita kuma shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa, ya gyara hula.

"Malam," ya ce a hankali, "ƴaƴanmu fa muke kawo maka gidan nan."

"Ranka ya daɗe, rama ce."

"Rama," in ji wani daga baya. "Da fanka."

"Wallahi rama ce!" Na tsinki ganye na jefa a baki na hau tauna, ina kallonsu, kamar akuyar da aka kama a lambu. Wannan bai taimaka ba. Wani ya ja da baya, wani ya ce a'uzubillahi.

Sai ga surukata tana saukowa. Hajiya ta zo daga Kano saboda jego, kuma tun zuwanta ba mu taɓa haɗa ido ba, gaisuwa kawai a durƙushe. Ta ratsa maza, ta tsinki ganye, ta murza, ta ɗanɗana. Da yake ba za ta yi mini magana kai tsaye ba, sai ta fuskanci bango.

"Rama ce," ta gaya wa bangon. "Amma ko wane ne ya yi mata haka, Allah ya yafe masa. A kuma gaya masa akwai busasshiya rabin jaka a ɗakina. Tun ranar da na sauka maijego take ci."

Dariyar da aka yi har jariri ta tasa. Wani ya kwanta a kan sallaya yana riƙe ciki. Ni ina tsaye, ganye a baki, ƙafar rago a hannu.

Da za a watse, wani dattijo mai carbi, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya ja ni gefe ya ce, "Ni tun kallon farko na san ba ita ba ce. Ai waccan ba a kusantarta ba a ji ƙamshinta ba." Ƙamshi ya ce, ba wari ba. Na kalle shi, ya kalle ni, muka rabu a kan haka.

Asabar ta gaba yara suka zo, babu wanda aka hana. Sai dai "Malam" ya tafi ke nan. Sarkin Noma ake ce mini har yau, har a masallaci, har yaran da ba sa jin Hausa sun iya faɗa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In matarka ta kalli taga ta ambaci rama, je ka tambayi uwarta, ko da ta bango ne.