Rasuwar Ƙaramin Vern, Muryar Mijina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta koma bugunta na da ba, ni Doreen Klassen, a madadin mijina Vernon da iyalinmu da ke gona kudu da garin Swift Current, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan ciniki rasuwar manhajar magana, fitowa ta uku, wadda kowa ya sani da Ƙaramin Vern. Marigayin ya cika ranar Laraba da safe a kan teburin kicin, a makon da za a ɗaura auren 'yarmu Jolene ranar Asabar.

Duk wanda ya san mijina ya san da baki ya ci abinci. Shekara da shekaru shi ke gwanjon shanu a karar garinmu, harshensa na zuba kamar ƙanƙara a kan kwanon rufi. Da likita ya ce ciwon dajin da ke maƙogwaronsa ba zai fita ba sai an cire inda murya ke fitowa gaba ɗaya, wata ma'aikaciyar asibiti ta ba shi shawara ya adana muryarsa tun tana nan. Kaka guda ya yi yana shiga a-kori-kurarsa cikin gareji, ya ɗaga gilashi saboda haushin kare, yana karanta wa na'ura jimlolin da kamfanin ya aiko. Yakan fito yana tsaki.

“Doreen, wai kyanwa ta hau jar kujera. Mutanen nan ko saniya ba su taɓa gani ba.”

Daga wannan karatu aka haifi marigayin. Muka saya masa lasisi, aka rubuta mana cewa na har abada ne. Bayan tiyata, ranar da Vern ya dawo gida da rami a wuya, ya danna kwamfutar hannunsa, sai ga muryarsa, da kaushinta da komai: “Gahawan nan ya huce.” Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka har na gode Allah.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya katse mutum. Shi ke sa albarka a kan abinci, shi ke musu da mai gyaran tarakta, shi ke kiran karenmu Duke, kuma Duke yana amsawa. Ba za mu ɓoye rauninsa ba: bai taɓa iya saurin gwanjo ba, kuma idan Vern ya fusata ya rubuta zagi, sai ya faɗe shi a natse kamar mai karanta labarai. Duk da haka, shekara shida ya riƙe mana gida ba tare da ya taɓa cewa ya gaji ba.

Ciwon ajalinsa ya fara da wani ɗan rubutu da ke leƙowa a saman allo: fitowa ta huɗu ta iso. Kullum Vern ya danna “sai anjima”. Ashe na'urar tana da nata ra'ayin. Ranar Talata da yamma marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe, “Rufe ƙofar, kare zai fita,” sannan aka jona shi a caji. Kafin gari ya waye, na'urar ta sabunta kanta ba da izinin kowa ba.

Vern ya zauna karin kumallo zai maimaita jawabin da ya yi makonni yana rubuta wa Jolene. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Allon ya yi fari fat, da layi ɗaya a tsakiya: lasisinka ba na wannan fitowa ba ne, shigar da sabuwar lambar kunnawa.

Ya ɗago ya dube ni. Irin kallon da ya yi mini ke nan a asibiti, ranar da ya farka ya buɗe baki babu abin da ya fito.

An yi duk abin da za a iya yi. Nan take na biya kuɗin sabon lasisi. Suka ce sun aika lambar, amma ta tafi tsohon adireshin imel na ofishin kara, wanda aka rufe tun da aka sayar da wurin. Na kira kamfanin. Na jira, kiɗansu na zagayawa a kunnena, har miyar da na ɗora ta kama. Can wata yarinya ta ɗauka, ta ce sunanta Anjali.

“Madam Klassen, kafin in canza adireshi dole in ji daga bakin mai lasisin.”

“Bakin nasa ai shi kuka rufe, 'yar nan.”

“Na fahimta, Madam, amma ƙa'idarmu...”

“Ga shi nan gabana. Kina jin bugun teburin nan? To, shi ne. Gaisuwa yake miki.”

Da ta sake magana, muryarta ta sauka. Ta ce in ɗauki hoton katin shaidarsa da takardar likita in tura, za ta kai wa shugabarta da kanta, amma masu duba irin wannan sun cika da aiki saboda sabuwar fitowar. Na ce mata auren Asabar ne. Ta ce ta rubuta.

Alhamis ta wuce muna kallon waya. Baƙi suka fara sauka, gida ya cika da 'yan uwan ango da akwatuna. Vern ya koma rubutu a farin allon da nake jera cefane, yana gogewa da hannun riga. Duk wanda ya gaishe shi, sai ya gyaɗa kai ya bar ɗakin.

Ranar Juma'a da hantsi lambar ta iso. Jolene ce ta shigar da ita, harafi bayan harafi, ni ina riƙe da bayan kujerarta. Allon ya yi kore. Muka sauke numfashi tare. Vern ya jawo na'urar, ya rubuta, ya danna.

“Barka da hantsi, Doreen.”

Muryar wani saurayi ce, sumul, irin ta masu sanarwa a filin jirgi. Duke ya miƙe ya yi mata haushi.

Na sake kira, na dage sai an ba ni Anjali. Ta bincika, ta ce muryar da aka gina wa ta uku ba ta shiga ta huɗu, sai an sake gina ta daga ainihin karatun da Vern ya yi, kuma wannan aikin makonni ne.

“To, mayar mana da ta ukun.”

“An daina ba da lambar kunna ta uku tun ranar da ta huɗu ta fito, Madam.”

“Har abadan da kuka rubuta mana fa?”

“Har abadan fitowa ta uku ne.”

Ban zage ta ba. Ina so a shaida wannan.

Vern ya ɗauki alƙalami ya rubuta a farin allon da manyan baƙaƙe: BA ZAN YI JAWABI BA. Ya ja layi a ƙasa har alƙalamin ya yi ƙara, ya ɗauki hularsa ya fita wajen shanu.

Safiyar Asabar kwat ɗinsa na rataye, shi yana can jingine da shingen garke. Jolene ta zura takalman roba, gashinta a naɗe, ta bi shi da farin allon a hammata. Ni ma na bi, na tsaya bakin rumbu.

“Baba, ni ba murya na gayyata ba. Kai na gayyata.”

Ya karɓi allon ya rubuta: Ba zan ba da 'yata da bakin wani ƙato ba.

“To, da bakin wa? Kawu Abe? Zai yi awa guda yana labarin farashin alkama.”

Ya goge. Ya sake rubutawa: Za su yi dariya.

“Su yi mana! Yaushe ka fara tsoron dariyar Harvey Wiebe, mutumin da ka sayar wa gurguwar saniya ya yi maka godiya?”

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya sa kwat, ya raka ta har gaban fasto, ya zauna. Ko da muka shiga zauren liyafa ban san abin da ya yanke ba. Na dai ga na'urar a kan cinyarsa, ƙarƙashin tebur, yatsansa na ta aiki, abincinsa ko taɓawa bai yi ba.

Da aka gama ci, ƙanen ango ya buga cokali a jikin kofi ya ce uban amarya zai yi magana. Zauren ya yi tsit. Rabin mutanen sun riga sun ji abin da ya faru. Vern bai tashi ba. Ƙanen angon ya dube ni, na dubi faranti. Har ya buɗe baki zai wuce zuwa na gaba, sai kujera ta yi ƙara.

Vern ya miƙe, na'urar a hannunsa. Ya kai ta bakin lasifika ya danna.

“Jama'a, wannan ba muryata ba ce. Wani yaro ne na ɗauko haya daga Toronto, kuma kamar yadda kuke ji, bai taɓa taka kashin shanu ba.”

Babu wanda ya motsa. Sai Harvey Wiebe, daga can baya, ya fashe da dariya har da buga tebur, ya ce, “Na rantse Vern ne!” Zauren duka ya ɗauka.

Yaron na Toronto ya ci gaba da faɗin abin da aka sa shi. Ya ce ya duba angon, Curtis, haƙori da kofato, bai sami aibu ba sai rashin iya ajiye mota da baya. Ya ce, “Rayuwata duka ina miƙa kayan wasu ga wanda ya fi tayi. Yau ga nawa, kuma babu tayin da ya kai.” Daga nan Vern ya tsayar da shi. Ya kife na'urar a kan tebur, ya juya wajen Jolene, ya yi magana da leɓɓansa kawai. Babu sauti ko kaɗan. Ta kafa wa bakinsa ido har ya gama, ta gyaɗa kai, ta rufe fuska da mayafinta. Na tambaye ta abin da ya ce, ta ce nata ne.

Ranar Litinin Anjali ta kira da kanta. Ta ce karatun da Vern ya yi a gareji an share shi tuntuni, don kamfanin ba ya ajiyewa fiye da wasu shekaru, kuma gargaɗin da suka aika ya tafi wancan rufaffen adireshin. Ta ce in an sami muryarsa a wani wuri, a fili ba hayaniya, masu aikinsu za su gwada, amma ba ta yi alkawari ba. Ta nemi gafara har sau biyu. A nan muka tabbatar marigayin ya tafi.

Ya bar maigidansa Vernon, da ni, da Jolene da mijinta, da Duke wanda har yau ba ya amsa kiran baƙon nan na Toronto, da wata tsohuwar igiyar caji mai naɗin salatif. Ya kuma bar magaji, fitowa ta huɗu, wanda muke zaune da shi lafiya amma ba mu saba ba.

Ba za a yi jana'iza da gawa ba, domin baƙon yana zaune a ɗakin marigayin, wato cikin na'urar. Za a yi zaman makoki ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, a garejinmu, kusa da a-kori-kurar. Akwai gahawa da burodi. Iyali suna roƙon kada a kawo furanni. Maimakon haka, duk wanda ke da muryar Vern a wani wuri, tsohon kaset na ranar gwanjo, bidiyon biki, ko saƙon da ya taɓa bari a waya aka manta ba a goge ba, don Allah ya zo da shi. Vern ya ce in ƙara da cewa ko wanda yake zagin mutum a ciki ne a kawo, kada a ji kunya, don ya san su ne suka fi yawa.