Ranar da Sai-Gobe ya tsaya shan fura

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da mutanen Matameye sun bar ni na manta: ranar da doki ya jefa ni cikin ƙwaryar fura a gaban duk gari.

Ni mahayin sukuwa ne tun ina saurayi. Ban yi karatun lekol ba, sirdi kawai na sani. Na karye a kafaɗa, na bar haƙora biyu a fili, na yi shekaru ina ƙin cin tuwo don kar in yi nauyi. A ƙarshe na samu Sai-Gobe, kilin dokin wani Alhaji mai fataucin gyaɗa. An sa masa sunan ne don masu bin bayansa sai gobe suke isowa. Daga Kurni har Zinder babu wanda bai san shi ba. Ni kuwa ana ce mini “na kan Sai-Gobe”.

Shekarar da abin ya faru, na fara tsufa. Alhaji ya ce, “Sukuwar bana ka ci, ko in ba wani linzami.”

Kullum da safe ina fitar da dokin hanyar Dawce ya buɗe ƙirji. A gindin wata tsamiya akwai bazawara mai fura, Hajo. Nan nake tsayawa (na ce wa Alhaji inuwa doki yake sha). In ta hango mu sai ta buga ludayi a ƙwarya. Ni in sha fura in yi zance, shi ta zuba masa ɗauraya da tsaki. Rani guda muna haka.

Ranar sukuwa fili ya cika. Aka sake mu. Kafin kwana ta ƙarshe na bar su duka a baya, ban ko ɗaga bulala ba. Har na fara tunanin rigar da zan sa in je gidan su Hajo.

Ashe ta kawo furarta bakin fili. Da ta gan mu gaba, murna ta kama ta, ta rangaɗa guɗa, ta hau dukan ƙwarya da ludayi.

Sai-Gobe ya kaɗa kunne. Na ja linzami, na zage shi, na zagi uwarsa. Ya karkata, ya nufe ta, ya turje. Shi ya tsaya, ni ban tsaya ba.

Da na ɗago kai, nono na zuba daga gemuna, dawakai na wuce mu ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana lasar ƙasa hankali kwance. Wani tsoho ya ce, “Sannu, ango! Da sukari ko babu?”

Alhaji ya iso yana haki.

“Wa ya koya wa dokina shan fura?”

Hajo ta ce, “Alhaji, ai kullum tare suke zuwa.”

Alhaji ya juyo wurina. Linzami ya karɓa daga hannuna.

Sai-Gobe ya ci gaba da cin sukuwa da wani a kansa, sai dai an hana masu fura matsowa bakin fili. Hajo ta auri mai kabu-kabu (ta ce shi aƙalla abin hawansa na da birki).

Abin da na koya kaɗan ne: in za ka je zance, tafi da ƙafarka.

Yanzu amalanken jaki nake kora, ina kai ruwa gidaje. Ban taɓa barin jakin ya tsaya ƙofar kowa ba sai inda aka kira mu.